Ruwan da Aka Rataya a Ƙusar Agogo

SHAFI NA 19

Masu zagin Yaya a ƙasan shafin jiya, duk na gan ku. Har da wadda ta ce in nuna mata gidan ta je da taɓarya. Baiwar Allah, ajiye taɓaryar ki samu wuri ki zauna, ki karanta na yau tukuna.

*

Auta ta buɗe ido. Ta kalli silin, ta kalli ƙarfen gadon asibiti, sannan ta hango yayarta tana naɗe tabarma a ƙasa.

"Lah, Yaya! Yaushe kika zo?"

"Tun ɗazu."

Ba tun ɗazu ba ne. Tun ranar da aka kwantar da Auta, a kan tabarmar nan Yaya take kwana. Amma ta gaji da faɗa, don duk abin da aka gaya wa Auta yanzu ba ya zama a kanta. Kafin a sha kofin shayi ya goge.

Auta ta yunƙura za ta zauna, hannunta ya sauka a kan cikinta. Ta zabura.

"Yaya, me ya samu cikina? Jiya fa ko alama babu!"

"Girma ya yi. An duba, lafiyarsa ƙalau."

"A kwana ɗaya?" Ta tuntsire da dariya. "Lallai ɗan direba ne. Ko a ciki gudu yake."

Yaya ta yi mata murmushin dole. Jiya ma wannan maganar ta yi, da wannan dariyar. Shekaranjiya ma haka.

Labule ya motsa, Dogo ya shigo da filas a hannu. Mijin Auta ke nan, direban babbar mota, wanda ya ajiye sitiyari tun da abin nan ya faru ya koma kwana a bencin baranda. Ya rame har tsawon nasa ya zama abin tausayi.

"Yaya, ina kwana. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Direbana!" Auta ta washe baki. "Ka dawo? Ai da ka zo da wuri da ka tarar da Mama. Yanzu ta fita, ta kawo mini takalma."

Dogo ya ajiye filas ɗin, ya zauna a bakin gado, ya kama hannunta kamar yadda likita ta koya masa. Ba faɗa, ba dariya, a gyara mata a hankali.

"Auta, Mama ta rasu tun kina ƙarama. Yaya ce ta rene ki. Yanzu muna asibiti ne, ba ki da lafiya, amma kina samun sauƙi."

Ta ƙura masa ido.

"Haka ne fa," ta ce a sanyaye. "To wa ya kawo takalman?"

"Ba a kawo takalma ba."

"To."

Wannan "to" ɗin shi ne yake kashe Yaya. Auta da a da sai ta ƙure mutum da gardama a kan ko gishiri ya ji a miya, yau ita ce ake ce mata abin da ta gani ba ta gani ba, ta ce to.

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya, ga abin da Dogo bai sani ba.

Lokacin da laulayi ya kama Auta, yana kan hanya. Amai take yi ba dare ba rana, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Ya yi ta kiran Yaya a waya yana cewa a kai ta asibiti. Yaya ta ce ta kai ta wani ƙarami na bayan layi, sun ba da ƙwayoyi, sun ce laulayi ne kawai.

Ba ta kai ta ko'ina ba.

Yaya ta daɗe tana aiki a kemis. Ba ta taɓa taka makarantar jinya ba, amma duk layin Nas suke ce mata, don hannunta yana gane jijiya ko a jikin jariri. Kuma magani ɗaya ta yarda da shi a duniya: ƙarin ruwa mai sukari. Gajiya, ruwa. Zazzaɓi, ruwa. Jiri, ruwa. Mutum ya kwanta a galabaice ya tashi yana sa mata albarka. To a ce ƙanwarta guda ta je ta bi layi tun asuba, ita tana zaune? Ga Auta kuma tana kuka tana cewa ita ba ta son asibiti, can aka kai Mama ba ta dawo ba.

Sai Yaya ta ɗaura mata ledar ƙarin ruwa. Auta ta ɗan farfaɗo. Da ta sake laushi ta ɗaura wata. Haka, haka, har ranar da idanun Auta suka fara rawa, ta tashi za ta banɗaki tana tangaɗi kamar wadda aka juya, ta kalli Yaya ta tambaye ta gidan wa suke.

Kun ji. Mu koma ɗaki.

Dogo yana zuba shayi Auta ta ɗago hannunta tana kallon filastar da ke bayansa.

"Wannan nas ɗin ba ta iya ba," ta ce. "Yaya ta fi ta. Da Yaya take sa mini ruwa a ɗakinmu ko zafi ba na ji."

Yaya ta kawar da kai. Kullum sai an zo nan.

Dogo ya sauke numfashi.

"Auta, ba a sa miki ruwa a gida ba. Asibiti Yaya ta kai ki, suka ba ki ƙwaya."

"An sa mini."

"Ba a sa ba."

"Wallahi an sa mini! Yaya, faɗa masa mana!"

Yaya ta sunkuya tana gyara bakin tabarmar da ta riga ta naɗe.

"Sha shayinki kar ya huce," ta ce.

Ana haka likita ta shigo zagayen safe. Mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana, kuma idan ta kalli mutum sai ya ji kamar ya manta bai wanke fuska ba. Ta sa Auta ta bi yatsanta da ido, dama da hagu. Ta sa ta taka daga gado zuwa taga, Dogo yana riƙe da ita.

"Idon ya daidaita. Tafiyar ma ta fi ta makon jiya. Allurar tana aiki," ta ce. "Saura tunanin. Ya labaran?"

"Suna nan, likita," in ji Dogo. "Yau mahaifiyarta ce ta kawo takalma. Sai kuma na ruwan nan."

"Wane ruwa?"

"Wai an sa mata ƙarin ruwa a gida. Kullum sai ta faɗa. Sauran labaran canzawa suke, yau kasuwa, gobe ta je aiki. Shi wannan ba ya canzawa."

Likita ta tsaya da abin da take yi.

"Ba ya canzawa?"

"Ko kaɗan."

Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Auta.

"Ƙanwata, ba ni labarin ruwan."

Auta ta gyara zama, murna ta cika ta an samu mai saurare.

"A ɗakinmu ne. Ba wurin ratayawa, sai Yaya ta hau kujera ta sauke agogon bango, ta rataya ledar a ƙusar. Rannan kunnen ledar ya tsinke, ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaure. Ina kwance ina kallon yadda yake ɗiga. Sanyi yana bin hannuna har kafaɗa. Yaya tana mini fifita tana cewa, ki yi haƙuri Autar Mama, ruwan ƙarfi ne, mai sukari ne."

Yaya ta ƙura wa tabarmarta ido.

Likita ta juyo ga Dogo.

"Malam, bari in maimaita maka abin da ya same ta, in ƙara da abin da ban faɗa ba. Akwai wani bitamin da ake kira B1. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, daga abinci yake samu kullum. Mace ta yi makonni tana amai ba ta riƙe komai, sai ya kusa ƙarewa. Ita kuma ƙwaƙwalwa da shi take sarrafa sukari. Kai direba ne. Idan baƙin mai ya kusa ƙarewa a inji, me kake yi?"

"Tsayawa zan yi in zuba."

"Idan kuma ba ka zuba ba, ka cika tanki, ka taka wuta?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Inji zai buga."

"To haka ruwan sukari yake yi wa irin wannan mara lafiyar, idan ba a fara ba ta bitamin ɗin ba. Ɗan ragowar da ke jikinta sai ya ƙone gaba ɗaya. Wurin da ke ajiye sabon tunani shi ne yake fara taɓuwa. Shi ya sa take cike gurbin da labarai. Ba ƙarya take yi ba, ita a wurinta haka aka yi."

Yaya ta dafa bango.

Duk tsawon kwanakin nan abin da take ɓoyewa shi ne ba ta kai Auta asibiti ba. Laifinta a ganinta jinkiri ne. Ruwan kuwa har cikin ranta tana ganin shi ya riƙe yarinyar, ba don shi ba da tuni an yi ba ita. Sai yau take ji da kunnenta. Da hannunta ta nemo jijiyar. Da hannunta ta buɗe ruwan. Tana yi tana fifita.

"Yayarta," in ji likita.

"Na'am."

"Ke ce kike tare da ita lokacin. Ba laifi nake nema ba, kuma amai kaɗai ma yana iya kawo wannan. Amma ina so ki gane me ya sa nake tambaya. Ina neman inda tunaninta ya yanke ne. Idan labarin nan ya faru, to ta riƙe wani abu daga cikin kwanakin ciwon, kuma da shi za mu kama mu ja sauran. Idan bai faru ba, yana cikin su takalman Mama, sai a ci gaba da gyara mata har ta sake shi. An sa mata ruwa a gida?"

Dogo ya juyo yana kallonta. Ba kallon zargi ba, ina ma a ce shi ne. Kallon mutumin da ya bar mata matarsa da makullin gidansa ya hau hanya hankalinsa kwance.

Auta ma tana kallonta, tana murmushi, tana jiran a fitar da ita kunya.

Yaya ta buɗe baki. Wallahi gaskiyar ta taso har maƙogwaro.

"Ba a sa ba," ta ce.

Murmushin Auta ya tsaya a inda yake.

"Yaya?"

"Ba a sa miki ba, Auta. Ƙwaya aka ba ki."

"Agogon fa?"

"Ba a taɓa agogo ba."

Auta ta kalli likita, ta kalli mijinta, ta dawo kan yayarta.

"To shi ke nan ba abin da na sani," ta ce. "Shi kaɗai nake gani tar. Idan shi ma babu, to ni me ya rage a kaina?"

Dogo ya kama hannunta.

Likita ta daɗe tana kallon Yaya kafin ta miƙe.

"To. Ku ci gaba da gyara mata a hankali. Malam, tunda ta ambaci agogon, je ka gida ka ɗauko shi. A rataya mata inda za ta riƙa gani. Abin da ido ya saba da shi yana taimakawa, kuma za ta riƙa sanin safe ne ko yamma."

"Ni zan je!" Yaya ta faɗa da sauri har likita ta waiwayo daga bakin ƙofa. "Ya zauna ya huta, bai yi barci ba. Ni na san inda komai yake."

Ta rarumi mayafi. Sai ta ji an riƙe mata zani.

Auta ce. Kuka take yi, ita kanta ta riga ta manta dalilin kukan, amma abin yana nan a ƙirjinta.

"Kar ki tafi, Yaya. Tsoro nake ji. Don Allah kar ki bar ni."

"Yanzu zan dawo."

"A'a!"

"Zauna, Yaya," in ji Dogo. "Kin san in ba ke ba, ba ta natsuwa. Ba ni makullin. Ni ma ya kamata in leƙa ɗakin nan, tun ranar da aka kwantar da ita ban iya shiga ba."

Ta ba shi. Me za ta ce?

Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace a baranda sannan ta zauna tana lissafi. Ranar da ta koma ɗauko wa Auta kaya, ta kwashe ledojin, ta kwashe robobin da allurai, ta ƙulle su a buhu ta kai bola mai nisa. Ta share ɗakin tas. Ƙasa ta duba. Ba ta ɗaga kai sama ba.

Ku da kuke cewa Yaya ba ta da imani, ku zo ku gan ta yanzu. Ta durƙusa a gaban gadon, ta kama hannun ƙanwarta biyu, ta kifa goshinta a kai.

"Auta."

"Na'am, Yaya. Me ya faru?"

"Ruwan da kike cewa na sa miki a ɗaki. Gaskiyarki ne. Na sa miki."

Auta ta zaro ido.

"Da agogon?"

"Da agogon. Da ɗankwalin. Da fifitar. Duk yadda kika faɗa haka aka yi."

"Na faɗa!" Auta ta buga katifa da tafin hannu, tana dariya hawaye na zuba. "Na faɗa! Ashe ba hauka nake yi ba! Wayyo Yaya, kin ji yadda na ji kuwa? Kamar an sauke mini kaya."

Yaya ta zaci zagi. Ta shirya wa mari ma. Wannan murnar ce ba ta shirya mata ba, kuma ta fi marin ciwo.

"Ba ki gane ba, Auta. Ruwan nan shi ya ƙarasa ki. Shi ya sa kike mantuwa. Mijinki ya ce in kai ki asibiti, na ce masa na kai, ban kai ba. Ina taƙama ana ce mini Nas. Ni na yi miki wannan."

Auta ta sa hannu ta ɗago fuskar yayarta.

"Da kina sa mini, kin san zai cuce ni?"

"Wallahi ban sani ba."

"To kukan me kike yi? Ba ni na ce ba na son asibiti ba?"

"Ke yarinya ce kina jin jiki. Ni ce babba."

"Yaya, ke kika goye ni. Ke kike tauna abu ki sa mini a baki. Ko yanka ni kika yi da kuskure na yafe, balle ruwa. Na yafe miki duniya da lahira. Tashi, ƙasan nan da sanyi."

Yaya ta fashe da kuka mai sauti.

"Amma fa ki gaya wa direbana," in ji Auta tana share mata fuska da gefen zanin gado. "Kullum sai ya ƙaryata ni. Ki gaya masa a gabana, in ga idonsa."

"Zai raba ni da ke. Zai ce kar in sake taka inda kike."

"Ya isa? Bari ya zo."

Keken magani ya shigo da ƙararsa. Nas ta gaske, mai farar riga, ta duba filastar hannun Auta, ta tura allurar bitamin a hankali, ta tambaye ta ko ta karya, ta ja kekenta ta wuce gado na gaba.

Auta ta bi ta da kallo har ta fita. Sannan ta juyo.

"Lah, Yaya! Yaushe kika zo?"

Yaya ta zauna a bakin gado tana kallonta.

"Me ya sa idonki ya yi ja? Wani ya rasu?"

"Auta, yanzun nan fa muka yi magana. Maganar ruwan."

"Wane ruwa?"

Ta sake faɗa mata daga farko. Auta ta sake murna. Ta sake tambaya ko ta san zai cuce ta. Ta sake yafewa, da kalmomin ɗazu, har da sanyin ƙasa. Aka kawo abincin rana, aka kwashe kwanuka, komai ya goge. Yaya ta sake. Ya sake gogewa.

A nan ta gane irin hukuncin da ta jawo wa kanta. Mutum ɗaya ne a duniya zai yafe mata ba tare da ya yi tunani ba, kuma yafiyar ba ta kaiwa ƙarshen sa'a. Ta ɗauka idan ta faɗa wa Auta ta sauke nauyi. Ina. Faɗa wa Auta da faɗa wa bango duk ɗaya, kuma ta sani, shi ya sa ma ta iya faɗa. Wanda zai ji ya riƙe, shi ne ta kalli idonsa da safe ta ce ba a yi ba.

Rana ta karkata, inuwar ƙarfen taga ta hau gadon. Auta ta ɗan yi barci ta farka. Yaya tana zaune ta zuba wa ƙofa ido, duk takun da ta ji a baranda sai ta ɗauka Dogo ne.

Labule ya ɗaga.

Dogo ne, da agogon bango a hammata. Bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Bai kalli inda Yaya take ba.

"Direbana! Ka dawo?" Sai idon Auta ya sauka a kan abin da ya riƙo. "Lah! Agogonmu!"

"Shi ne."

Ya miƙa mata. Ta rungume shi a kan cikinta tana shafa gilashin, ƙura duk ta ɓata mata yatsu.

"Ya tsaya," ta ce. "A ina ka same shi?"

"Bayan wardirof. An jingine shi a ƙasa, fuskarsa na kallon bango."

Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

"Ai na sani," in ji Auta. "Yaya ce ta sauke shi, lokacin da za ta rataya..."

Ta tsaya.

Ta ɗaure fuska kamar mai ƙoƙarin tuno inda ta ajiye makulli. Ta kalli agogon. Ta kalli bayan hannunta. Tun da aka kawo ta asibitin nan ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar wannan labarin ba.

"A'a," ta ce a hankali. "Ba haka ba ne, ko? An ce ba a yi ba."

"Auta..." Yaya ta miƙe tsaye.

"An ce ba a yi ba. Ban san wa ya ce ba, amma an ce." Ta ɗan bubbuga gefen kanta da yatsa, tana murmushin jin kunya. "Kan nan nawa ne yake haɗa mini. Ku yi haƙuri, ina ba ku wahala. Na daina faɗa. Ƙwaya aka ba ni."

Sabon abu ba ya zama a kan Auta. Sunan likita bai zauna ba, girman cikinta bai zauna ba, yafiyar da ta yi ba ta zauna ba. Amma abin da aka yi ta maimaita mata safe da yamma ya samu wuri. Ƙaryar Yaya ce ta zauna, kuma a kan abu ɗaya tak da yarinyar take da shi na gaskiya ta zauna.

Dogo ya sa hannu a aljihu. Ya fito da wani abu ya ajiye a kan farin zanin gado, ya miƙar da shi da yatsa.

Ƙyallen atamfa ne, siriri, shuɗi mai ɗigon ruwan ƙwai. Har yanzu da ƙullin a jiki, da guntun farar roba maƙale a cikin ƙullin. Shi ya sayo atamfar da kansa a wata tafiya, turmi biyu iri ɗaya, ɗaya na matarsa, ɗaya na matar da ta rene ta.

"A ƙusar na same shi," ya ce. "Sai da na hau kujera."

Auta ba ta ko lura da ƙyallen ba. Yayarta take kallo, da idon nan da take kallonta da shi tun tana goye, idon da duk abin da Yaya ta ce shi ne.

"Asibiti kika kai ni, ko Yaya? Faɗa mini daidai, in riƙe."

Sai a lokacin Dogo ya ɗago ya kalli Yaya.

"Tambayarki take yi," ya ce. "Ki ba ta amsa."